Guzurin Ɗan Damargu a Jami'a

Kowace shekara, idan damana ta ja baya, hatsi ya nuna a gonakin Gangara da Ollelewa da Tarka, akwai wani ɗan ƙaramin ayari da ke tashi daga Damargu, wanda ba a buga masa ganga, ba a kuma rubuta labarinsa ko'ina. Ayari ne na samari da ƴan mata waɗanda suka ci jarrabawar bak, suka ɗaure akwati da tabarma suka nufi tashar Tanut ko ta Belbeji. Wasu za su sauka a Damagaram, wasu kuma sai Yamai, ko Maraɗi, ko Tawa. A bayan kowane ɗayansu akwai ragon da aka kai kasuwa, ko buhun hatsin da aka saida tun ba a gama sussuka ba, ko kuwa ƴan kunnen uwa da aka ba da jingina. Gida ya yi iyakar ƙoƙarinsa, yaro ya shiga mota, jama'a sun yi masa fatan alheri. Abin tambaya shi ne: wannan guzuri wata nawa zai kai shi, kuma in ya ƙare wa zai ɗora masa?

Wannan tambaya ta cancanci a yi ta a fili, domin a kanta ne karatun ƴaƴan talakawa da yawa ke tsinkewa. Yaron da ya share shekara 13 yana zaman aji, daga lakwal ta ƙauye zuwa koleji zuwa lise, ya tsallake dukan shingayen da aka gitta masa, bai kamata a ce kuɗin haya na wata 2 ko kuɗin mota ne suka mayar da shi gida ba. In haka ta faru, asarar ta gidansu ce, ta gundumarsu ce, kuma ta ƙasa ce baki ɗaya, tun da dukiyar ƙasa aka kashe wajen kai shi matsayin da ya kai.

Yadda al'amarin ya faro

Manyan ma'aikata da ke karanta wannan shafi suna tune da zamanin da Gwamnati ke ɗaukar nauyin kusan duk wanda ya ci bak. A shekarar 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, wadda ba da jimawa ba ta zama Jami'ar Yamai, daga baya kuma, a 1992, aka raɗa mata sunan Abdu Mumuni, shehun malamin nan haifaffen Tasawa da ya yi fice kan binciken hasken rana. A wancan lokaci masu cin bak ƴan kaɗan ne, kuɗin uraniyum na Arlit yana shigowa baitulmali, ana tura ɗalibai Dakar da Abijan da Lome da Faransa da Tarayyar Sobiyet, kowa da kuɗin tallafinsa, in ya dawo kuma aiki na jiran sa. Ɗan Damargu da ya kai wannan matsayi, bayan ya yi zaman lise Amadu Kuran Daga a Damagaram, ba ya tunanin abin da zai ci; tunaninsa littafi ne kawai.

Zamani ya juya. Tun farkon shekarun 1980 farashin uraniyum ya faɗi, fari na 1984 ya biyo baya, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu da manyan bankunan duniya suka gindaya. Batun kuɗin tallafin ɗalibai da yanayin karatunsu yana cikin abin da ya fito da ƴan ƙungiyar USN kan titi ranar 9 ga Fabrairu 1990, ranar da ɗalibai 3 suka rasa rayukansu a bakin gadar Kennedy ta Yamai. A Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan masarufi da littattafai suka yi tsada, shekarun karatu suka riƙa lalacewa saboda yajin aiki da jinkirin biya.

A ɗaya gefen kuma, an samu ci gaban da ba mai musun sa. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram; a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi, har ya zama kowace jaha daga cikin jahohi 8 na ƙasa tana da jami'ar Gwamnati. Ta Damagaram tana ɗauke da sunan André Salifou, masanin tarihin da ya shugabanci Babban Taron Ƙasa na 1991. Ɗan Tanut da a dā sai ya yi tafiyar sama da kilomita 1.000 kafin ya ga ƙofar jami'a, yanzu kimanin kilomita 150 ne tsakaninsa da ita. To amma Hausawa sun ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ɗalibai sun ninka sau da yawa, ƙarfin baitulmali kuwa bai ninka daidai da su ba. Wannan ita ce gaskiyar da ya wajaba kowane uba da kowane ɗalibi su aza lissafinsu a kanta.

Abin da Gwamnati ke bayarwa

Hukumar da ke kula da kuɗin tallafin karatu, wanda ɗalibai ke kira burs, ita ce ANAB. Ita ke karɓar takardun masu nema, ta tace su bisa sharuɗɗan da aka tsara, musamman makin da ɗalibi ya samu, da shekarunsa na haihuwa, da kuma ci gabansa daga aji zuwa aji. Wanda bai cika sharuɗɗan burs ba yana iya neman kuɗin agaji, wanda bai kai burs yawa ba. Ta hannun wannan hukuma ne kuma ake shelar guraben karatu da ƙasashe aminan Nijar ke bayarwa, irin su Aljeriya da Maroko. Ban da wannan, akwai cibiyoyin kula da jin daɗin ɗalibai, masu riƙe da ɗakunan kwana da gidan cin abinci da motocin jigila da ɗakin shan magani, a kan farashi mai rahusa.

Abubuwa 3 ne ya kamata a faɗa wa iyaye ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Na farko, ba kowane mai bak ne ke samun burs ba. Na biyu, wanda ya samu ma ba a ranar da ya shiga aji yake karɓa ba. A kan biya shi kashi-kashi, kuma sau da yawa a shekarun da suka gabata an sha yin watanni ana jira. Na uku, gadajen ɗakunan kwana ba su isa kowa ba, sabon ɗalibi kuwa shi ne a ƙarshen layi. Saboda haka watannin farko, waɗanda su ne mafi wuya ga baƙo a birni, a kan guzurin gida suke. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Akwai kuma wata asara da ke faruwa cikin shiru, wato ta takardu. Yara da yawa na karkara, balle ƴaƴan makiyaya na wajen Tenhiya da arewacin Tarka, an haife su ba a yi musu takardar haihuwa ba, sai daga baya aka nemi ta kotu. Wani sunansa ya bambanta tsakanin takardar haihuwa da ta bak, wani an ƙara masa shekaru bisa kuskure, wani kuma bai nemi takardar shaidar zama ɗan ƙasa ba sai da wa'adin ajiye takardu ya rage kwana 2. Harafi ɗaya da ya sauya a cikin suna yana iya jawo wa yaro asarar tallafin shekara guda. Daraktocin lise da malaman aji na ƙarshe suna da babban aiki a nan: tun watan Janairu ya kamata a duba takardun kowane ɗalibi, a gyara abin gyara, tun ran gini ran zane.

Halin da Damargu ta keɓanta da shi

Damargu ƙasar hatsi ce da bisashe. Tun zamanin ayarin raƙuma ita ce rumbun da ke ciyar da Abzin, kuma ta cikinta hanyar fatake ta ratsa zuwa Damagaram da Kano. A ƙidayar jama'a ta 2012 gundumar Tanut ta haura mutum 400.000, ta Belbeji kuwa, wadda aka cire daga jikin Tanut a 2011, ta kusa 100.000. Mafi yawansu manoma ne da makiyaya, Hausawa da Dagira da Buzaye da Fulani da Larabawa, kuma arzikinsu sau ɗaya yake zuwa a shekara, in sama ta yi kyauta. Wanda ya ga 1973 da 1984 da 2005 ya san cewa ba kowace shekara take yi ba.

A nan ne lissafin manomi da na ɗalibi suke cin karo. Ana buɗe makarantu a lokacin kaka, lokacin da kowa ke kai hatsi kasuwa, tiya tana ƙasa warwas. Uban da ke neman kuɗin rajista da na mota da na haya dole ya saida buhu 2 a kan kuɗin da buhu ɗaya zai iya kawo masa in da ya jira bazara. Can kuma wajen watan Yuni da Yuli, lokacin da ɗalibi ke fama da jarrabawa yana bukatar ƙarin taimako, rumbun gida ya yi ƙasa, bisashe sun rame ba su da daraja a kasuwa, uban kansa yana awo. Sai kuɗi su juya hanya: maimakon su tashi daga ƙauye zuwa birni, sai a riƙa kiran ɗalibi ta wayar salula ana cewa an ji an biya burs, a taimaka da na awo.

Ba wanda zai zargi uwar da ta nemi taimakon ɗanta a lokacin yunwa, ba kuma wanda zai zargi ɗan da ya ji tausayin gida. Amma wajibi ne a fahimci cewa burs ba albashi ba ne. Iri ne da ƙasa ta ba yaro domin ya shuka. Manomin Damargu ya fi kowa sanin hukuncin wanda ya daka irinsa ya yi fura a watan bazara: ya ƙoshi kwana 2, ya yi zaman banza damana guda. Ɗalibin da ya aika rabin kuɗinsa gida ya koma cin bashi, ya faɗi jarrabawa, an yanke masa tallafi, to gida ya yi asarar kuɗin, ya kuma yi asarar ma'aikacin da yake jira.

Abin da ya rataya a wuyan ɗalibi

Ɗalibi ɗan manomi ba ya bukatar a koya masa tattali daga littafin waje. Abin da ya gani a gidansu ya ishe shi, in ya yi aiki da shi. Maigida mai hankali ba ya buɗe rumbu ya ce kowa ya ɗiba. Yana ƙidaya dammuna, ya ware na iri, ya ware na baƙo da na larura, sa'an nan ya raba sauran bisa watannin da suka rage kafin sabon hatsi. Haka ya kamata ɗalibi ya yi da duk kuɗin da suka shigo hannunsa a dunƙule. A misali, wanda ya karɓi jikka 100 da za su kai shi wata 3, ya sani mako 13 ne a gabansa. Ya fara fitar da kuɗin haya na watannin gaba ɗaya ya damƙa wa mai gida, ya sayi tikitin abinci, ya ware na kwafin darussa, ya ɓoye jikka 10 saboda ciwo ko tafiyar gaggawa. Abin da ya saura shi ne zai raba gida 13, kuma kason mako ba ya shiga na mako mai zuwa. Ƙaramin littafi na dala 20 da za a riƙa rubuta shiga da fita a ciki ya fi dogon wa'azi amfani.

Ranar da aka biya burs ita ce ranar haɗari. Masu saida tufafi da wayoyi sun san ranar, masu bin bashi sun san ta, abokan shan shayi ma sun san ta. Kuɗin da ya kamata su yi wata 3 sai su narke cikin kwana 10, a kan sabuwar waya, da kuɗin intanet na hira, da kuma cacar ƙwallon ƙafa da ta shiga aljihun samari a ƴan shekarun nan. Daga nan sai a koma wurin mai kanti da mai ba da rance da ruwa, a jinginar da kashin da bai zo ba tukuna. Wanda ya shiga wannan rami da wuya ya fita kafin ya gama digirinsa na farko, domin kowane biya da ya zo na wani ne tun kafin ya taɓa shi.

Haɗin kai yana rage tsada. Ɗalibai 4 ƴan gari ɗaya da suka kama ɗaki ɗaya, suka aza tukunya ɗaya, suka sayi littafi ɗaya suna karɓa-karɓa, sun fi ƙarfin wanda ya ware shi kaɗai don gudun raini. Adashe ma hanya ce, in an yi shi tsakanin mutanen da suka san juna, aka kuma rubuta sharuɗɗansa. Matan karkara sun riga sun nuna misali: tsarin Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jahar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, ya ginu ne a kan ƴan kuɗin da kowace mace ke zubawa mako-mako cikin akwati, kuma daga Nijar ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka. Abin da matan da ba su shiga aji ba suka iya riƙewa da amana, bai kamata ya gagari masu karatun lissafi da tattalin arziki ba.

Sana'a kuma ba abin kunya ba ce. Koyar da yaran unguwa da marece, buga takardu a kwamfuta, gyaran waya, aikin ƙidaya na ɗan lokaci, riƙe wa ɗan kasuwa littafin ciniki, duka hanyoyi ne na halal da ɗalibai ke bi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Sharaɗi ɗaya ne: kada sana'a ta cinye lokacin aji, domin wanda ya maimaita shekara ya jefa tallafinsa cikin haɗari, kuma asarar ta fi ribar. Babban hutu kuwa, in ya dace da damana, gonar gida tana jiran hannu. Ɗalibin da ya nome ƴar gayaunarsa ta wake ko ta hatsi ya tanadi wani ɓangare na guzurin shekara mai zuwa da guminsa.

Abin da ya rataya a wuyan iyaye da jama'ar gari

Taimakon gida ba lalle sai da tsabar kuɗi ba. Buhun hatsi, da wake, da busasshiyar kuɓewa, da cuku, in aka ɗora su a motar Damagaram, sun fi kuɗin da za a samu in an saida su da arha a kasuwar kaka sa'an nan yaro ya je ya saye su da tsada a birni. Inda akwai bankin cimaka ko tsarin ajiye amfanin gona a sito a karɓi rance a kansa, uba yana iya samun kuɗin rajista ba tare da ya rabu da hatsinsa a mummunan farashi ba. Kamfanonin aika kuɗi sun kai garuruwa da yawa, saboda haka ya fi kyau a riƙa aika kaɗan-kaɗan a kan lokaci sananne, da a damƙa wa yaro kuɗin shekara gaba ɗaya ranar tafiya.

Makiyaya suna da wata al'ada mai daraja da ake kira habbanaye: mai dukiya ya ba ɗan'uwansa aron saniya ko akuya, ta haihu a hannunsa, ya riƙe ƴaƴan, ya mayar da uwar. Babu abin da zai hana a yi wa karatu habbanaye. Yaron da ya shiga lise, in dangi suka ware masa tunkiya 2 ko akuya 2 da sunan karatunsa, kafin ya ci bak shekara 3 sun wuce, garken ya ƙaru, kuɗin watannin farko na jami'a sun samu ba tare da an taɓa rumbu ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Garin da ke da gida 200, in kowane gida ya ba da tiya ɗaya a lokacin kaka, an tara tiya 200, wato buhu 5. Wannan ya isa ya riƙe cikin ɗaliban garin na watanni. Haka nan ma'aikata da ƴan kasuwa ƴan asalin Damargu da ke zaune a Yamai da Damagaram da Agadas da Arlit: in mutum 100 daga cikinsu suka yi alkawarin jikka ɗaya kowane wata, a shekara an tara jikka 1.200. Da wannan ana iya kama gida a kusa da jami'a domin saukar sababbin ɗalibai, a biya wa marayu kuɗin rajista, a kuma buɗe asusun rance marar ruwa wanda ɗalibi zai ɗauka kafin burs ya fito, ya mayar ranar da aka biya shi.

Sai dai irin wannan asusu amana ke rayar da shi, rashin ta kuma ke kashe shi. Jama'a sun sha zuba kuɗi a ƙungiyoyi su ji shiru, shi ya sa hannunsu ya yi nauyi. Dole ne a sa mutum 3 a kan kuɗin, kada ɗaya ya fitar sai da sa hannun sauran. A karanta lissafi a gaban taro sau 2 a shekara, da Hausa da Tamajak da Fulatanci, yadda kowa zai ji. A zaɓi masu cin moriya bisa bukata da ƙoƙari, ba tare da duban ɗan wane ne ko jam'iyyar ubansa ba. A nan waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci suna da rawar takawa. Wanda ya iya rubuta suna da adadi, ya iya karanta rasit, shi ne idon garinsu a kan asusun, kuma shi zai karanta wa maƙwabcinsa sanarwar da ta shafi ɗansa.

Ƴan mata suna bukatar kulawa ta musamman. Yarinyar Damargu da ta kai jami'a ta tsallake shingayen da suka fi na ɗan'uwanta yawa, kuma rashin masauki amintacce shi ne dalilin farko da ke sa iyaye su ce ta zauna gida. Rashin kuɗi a birni yana jefa yarinya cikin haɗarin da namiji bai san shi ba. Saboda haka in gado ɗaya ne ya rage a gidan ɗalibai, in kuma tallafi ɗaya ne ya rage a asusu, a fara duban ta. Asibitocin karkara na gundumomin nan biyu suna jiran likitoci mata da ungozomomi da suka san harshen matan wurin da al'adarsu.

Abin da ake jira daga magabata

Ƙananan hukumomin Tanut da Gangara da Ollelewa da Falanko da Tenhiya da Tarka suna karɓar harajin kasuwannin hatsi da na bisashe. Ya dace kowace ɗaya ta buɗe layi a cikin kasafin kuɗinta na shekara domin ɗalibanta na jami'a, komai ƙanƙantarsa, ta kuma riƙe rajistar sunayensu da fannin da kowa ke karantawa. Hukumar da ba ta san adadin ƴaƴanta da ke jami'a ba, ba za ta san inda za ta nemi injiniyan rijiya ko likitan dabbobi gobe ba.

Matatar man fetur ta SORAZ, wadda aka buɗe a watan Nuwamba 2011 da ƙarfin tace ganga 20.000 a rana, a cikin ƙasar Ollelewa take, a gundumar Tanut. Masana'anta irin wannan tana bukatar masu ilimin sinadarai da lantarki da lissafin kuɗi shekara da shekaru. Ɗaukar nauyin karatun wasu haziƙan yaran yankin kowace shekara, ta hanyar gasa a fili, da ba su damar koyon aiki lokacin hutu, zai zama alheri ga yankin, riba kuma ga masana'antar kanta. Wannan kira ya haɗa da manyan ƴan kasuwa da masu motocin sufuri da ke cin albarkar hanyar Damagaram zuwa Agadas.

Game da Gwamnati kuwa, abin da ɗalibi ya fi bukata bayan kuɗin kansu shi ne sanin ranar zuwansu. Kuɗi kaɗan masu zuwa a kan rana sananniya sun fi kuɗi masu yawa da ba a san ranarsu ba, domin da na farko ana iya yin lissafi, na biyu kuwa bashi suke haifarwa. Ya dace kuma a riƙa shelar sharuɗɗan burs da guraben karatu na ƙasashen waje a gidajen rediyon karkara cikin harsunan ƙasa, a manna su a ƙofar kowace lise, a kuma sauƙaƙa ajiye takardu tun daga gunduma. In ba haka ba, ɗan birni mai intanet a hannu zai riƙa jin labari ranar da aka fitar da shi, ɗan Belbeji kuwa sai bayan an rufe.

Daga ƙarshe, akwai bashin da ke kan ɗalibin kansa. Wanda ya yi karatu da ragon ubansa, da tiyar maƙwabta, da harajin talakawa, bai kamata ya ɗauki takardar digirinsa tamkar dukiyar da ya tara shi kaɗai ba. In an tura shi aiki Tenhiya ko Tarka, kada ya bi ofis-ofis yana neman a mayar da shi birni. In ya fara ɗaukar albashi, jikkarsa ta farko ta shiga asusun da ya riƙe shi. Ta haka ne ayarin da ke tashi daga Damargu kowace kaka zai riƙa ƙaruwa, kuma waɗanda suka tafi da akwati da tabarma su dawo da abin da yankin ya aike su nema.

Allah ya ba da damana mai albarka, ya kuma ba ɗalibai sa'ar karatu.